Tsoffin Kuɗinmu da Takardar Kwastan



Labari ya iske mu cewa 'ya'yanmu mazauna birane suna kwashe anini da kwabo mai huji da liyarin azurfa daga adudun iyayenmu mata, suna aika wa masu tara tsoffin kuɗi a Ingila da Amurka. Ba mu hana ciniki ba, amma akwai doka. Tun 1979 ba a fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi, don haka a fara kai mata ta duba. Kada 1780 da ke jikin liyari ta ruɗe ku. Da wannan shekarar aka ci gaba da buga shi har ƙarni na 20.

A gidan waya za a ba ku takardar kwastan, CN22 ko CN23. Ku rubuta abin da ke ciki, da adadinsa, da ainihin farashinsa, ku yi masa inshora. Wanda ya rubuta "kyauta" alhali sayarwa ya yi, ana iya ƙwace kayansa.

Roƙonmu shi ne a bar mana ɗaya daga kowane iri mu ajiye a firamarenmu, inda yara ba su taɓa ganin anini ba.