Tsohon Gida a Ingila: Ina Ɗumin da Kake Biya Yake Tafiya?

Shirinmu na yau na 'yan uwa ne da ke karatu ko aiki a Ingila, da waɗanda ke haɗa kaya za su tafi. Maganar kuɗin ɗumama gida zan yi, domin wallahi yana cin aljihu fiye da yadda ake zato.

Gidajen Ingila tsofaffi ne. Kusan ɗaya cikin biyar an gina shi ne kafin 1919, kuma sau da yawa irinsu sabon zuwa ke samu haya. Bangonsu bulo ne zalla, babu rata a tsakiya da za a cusa abin tare sanyi. Kana kunna hita gas na ci, ɗumin kuma na sulalewa waje. Da farashin gas ya haura a 2022 bayan Rasha ta afka wa Yukren, sai da gwamnati ta sa baki ta tsayar da kuɗin gas da lantarki na matsakaicin gida a fam 2,500 a shekara. Da tallafin fa ke nan.

To ta ina ɗumin ke fita? A gidan da ba a yi wa gyara ba, wajen kwata ta rufi yake bi, wajen kashi ɗaya cikin uku ta bango. Maganin rufi shi ne a shimfiɗa wani abu mai kama da auduga a saman silin, kaurin milimita 270. Amma wannan aikin mai gida ne. Kai ɗan haya, kafin ka sa hannu ka nemi ganin EPC, takardar da ke nuna yadda gida ke cin makamashi, daga A zuwa G. Tun Afrilun 2020 doka ta hana ba da hayar gidan da ke ƙasa da E, sai wanda aka yi wa rajistar uzuri. Ni dai ko E na gani, sai na sake lissafi, don arhar hayar a bil take fita.

In ka riga ka shiga, to sai farautar kafofin iska. Ranar da ake iska, ka jiƙa bayan hannunka ka bi gefen taga, ƙasan ƙofa, ramin jefa wasiƙa, da tsakanin katakon daɓe. Duk inda ka ji sanyi, nan kuɗinka ke zuba. Akwai siririn soso mai gam da ake liƙawa a gefen taga, ba shi da tsada. Ƙasan ƙofa kuwa, dabarar iyayenmu ta hunturu ce, tsumman da ake nannaɗewa a tare ƙura, shi ɗin dai. Labule mai kauri ka ja shi da magariba, amma kada ya lulluɓe hita, in ba haka ba gilashin tagar kake ɗumamawa. Tsohon murhun bango da aka daina amfani da shi, bututun hayaƙinsa zuƙe ɗumi yake dare da rana. Ka tambayi mai gida a toshe shi.

Saura gargaɗi, kuma don Allah a saurara. Ƙananan kafofin iska da aka gina da gangan a bango, a kicin da banɗaki, kada ka taɓa su. Mu da muka san abin da gawayi ke yi a rufaffen ɗaki ba ma buƙatar dogon bayani: na'urar gas ma tana iya fitar da wannan gubar marar wari. Sannan gidan da aka toshe ruf, tururin girki da shanya ke zama a bango ya koma fumfuna. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara 2, Awaab Ishak, ya rasu a Rochdale sanadin fumfunar gidansu na haya. In ka ga baƙin tabo na yaɗuwa a bango, ka ɗauki hoto, ka sanar da mai gida a rubuce, in ya yi burus ka kai ƙara ƙaramar hukuma.

Wanda ke can ya faɗa mana a ƙasa, nawa bil ɗinsa ya kai a Janairu. Sai shiri na gaba, in sha Allah.