Faifan Bala Miller da Damshin Ntoum

Zancenmu na yau ya shafi 'yan uwa mazauna Ntoum, garin da ke kan babbar hanyar shiga Libreville a Gabon, amma na Maraɗi da na Garwa ma su kasa kunne.

Dattawan da suka yi samartaka wajen 1978 sun san lokacin disko. Boney M, ƙungiyar da Frank Farian ya haɗa a Jamus, ita ke tashe a gidajen biki. Mu ma muna da namu: Bala Miller da ƙungiyarsa Pirameeds a Kaduna, masu busa ƙaho da kaɗa jita, har da waƙa cikin Hausa. Na Boney M ko gobe kana samu a kasuwa, kamfani na riƙe da asalinsa. Na gida kuwa, sau da yawa faifai ko kaset ɗin da ke ƙasan adakar Alhaji shi ne abin da ya rage a garin gaba ɗaya.

To Ntoum ba Agadas ba ce. Ruwa da damshi kusan duk shekara, kaset sai ya yi fumfuna, zaren ya manne. Faifai kuma in aka bar shi a mota cikin rana, lanƙwashewa yake.

Wani zai ce ai yana da waƙar a memori. Malam, wannan MP3 ce, an rage mata nauyi ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa, kamar nonon da aka cire wa mai. In za ka kai wa mai kwamfuta ya kwafe maka, ka ce WAV ko FLAC kake so. Minti ɗaya na WAV yana cin kusan megabait 10, FLAC wajen rabin haka, sautin kuma daidai yake. Memori mai gigabait 32 zai ɗauke faifai da dama.

Kada a kunna rediyo a kara waya a ɗauka, wannan ɓarna ce kawai. Wajen turawa ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil. A ɗauki hoton bangon faifan gaba da baya, don sunayen makaɗa da shekara suna nan. Kwafi biyu za a yi: ɗaya a Ntoum, ɗaya a ba direban da zai hau arewa ya kai gida.