Shirwar Teku: Tsuntsuwar da Ba Ta Sauka a Ruwa



Tsuntsuwar da za mu yi bayani a kanta yau Turawa na kiranta firigit, watau sunan wani jirgin ruwan yaƙi. Mu kuwa bari mu kira ta shirwar teku, domin halinta na fizge ya yi kama da na shirwa. Iri biyar ne a duniya, duk a tekunan ƙasashe masu zafi. Ɗaya daga cikinsu ba ta yin ƙwai ko'ina sai a Asenshan, wani tsibiri a tekun Atilantika, kimanin kilomita 1,600 daga gaɓar Afirka.

Abin mamaki, duk abincinta a teku yake, alhali kuwa gashinta ba ya hana ruwa shiga. In ta sauka a ruwa ta jiƙe, da ƙyar za ta sake tashi. Saboda haka a sama take cafke kifin nan mai tashi, yayin da manyan kifaye suka koro shi. Wani sa'i kuma ta fafari wani tsuntsu har ya amayo abin da ya kama, ta cafe tun bai faɗa ruwa ba. Faɗin fikafikanta ya kai mita 2, nauyinta kuwa bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. A 2016 masana suka nuna cewa 'yar'uwarta ta tekun Indiya takan yi kusan wata 2 a sama ba ta sauka ba.

To, amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Dole ta sauka ta yi ƙwai, kuma ƙwai ɗaya tak take yi. Ɗan yakan yi wata 6 ko fiye kafin ya tashi, iyaye na ciyar da shi. Tsuntsu mai irin wannan jinkirin haihuwa ba ya jure asara.

Bayan sojan Ingila sun zauna a Asenshan a 1815, aka kawo kyanwoyi don su kama ɓeraye. Kyanwoyin suka bazu daji, suka far wa tsuntsaye, har shirwar teku ta ƙaurace wa tsibirin, ta koma kan wani ɗan dutse a cikin ruwa. Sai a 2006 aka tabbatar an kawar da kyanwoyin dajin. A 2012 aka sake ganin sheƙarta a babban tsibirin.

Ku da za ku riƙe ma'aikatun gona da gandun daji, ku lura: wanda ya kawo kyanwar nan gyara ya nufa, amma sai da aka yi kusan shekara 200 kafin a gyara ɓarnarsa. Kafin ku sa hannu a shigo da baƙuwar dabba wani wuri, ku bincika me za ta ci in ta isa.