Da Wane Harshe Za A Karantar Da 'Ya'yanmu?

Ina gaishe da masu sauraronmu na Gehuru da Jega da Aliero da Maiyama, da duk inda muryar nan ta kai. Wadda ke daka ta ɗan sassauta taɓarya, wadda ke bakin murhu ta jawo rediyo kusa, don maganar yau ta 'ya'yanmu ce.

Akwai wata muhawara da manya ke yi a Abuja, a kan harshen da malami zai buɗe baki da shi in ya shiga ajin firamare: harshen da yaro ya tashi da shi, ko Turanci? Maganar ba sabuwa ba ce. Tun shekarar 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a fara karantar da yaro da harshen uwa, ko harshen da ake yi a yankinsu, daga baya a koma Turanci. Gyaran da aka yi a 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko ke nan. A watan Nuwamba na 2022, zamanin minista Malam Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta ce a kai abin har aji shida. Shekara uku bayan haka, a Nuwamban 2025, ministan ilimi Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwar an soke wancan tsari, Turanci za a yi amfani da shi tun daga nasare har jami'a. Hujjarsa ita ce yara na faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa.

Mu yi adalci, masu son Turanci suna da abin faɗa. Harsunan Nijeriya sun haura 500. Ko a jiharmu ta Kebbi, ga Dakarkari a Zuru, ga Kambari wajen Yawuri, ga Zabarmawa, ga Fulani. In aji ɗaya ya haɗa 'ya'yansu, da harshen wa za a yi? Littattafan lissafi da kimiyya na harsunan gida ba su wadata ba, malaman da aka horar don wannan aiki kaɗan ne. Sannan jarrabawa da Turanci ake yi, takardar neman aiki da Turanci ake rubutawa. Uwar da ke son ɗiyarta ta shiga jami'ar Aliero ta zama injiniya, ko ta karanci aikin jinya, ba ta yi laifi ba don ta ce a koya mata Turanci.

To amma 'yan uwa, mu ɗan yi lissafi irin namu na cikin gida. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022, ai a 2025 ko firamare bai gama ba, balle ya zauna WAEC. Yaya za a ɗora wa tsarin laifin faɗuwar waɗanda bai taɓa ba? Shi kansa Malam Adamu Adamu, ranar da ya ba da sanarwa, ya ce aikin ba zai kankama sosai ba sai an samar da littattafai da malamai. A ganina tuwon da ba a tuƙa ba, ba a cewa ya yi gudaji.

Kuma an taɓa gwadawa an gani. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa sun karantar da wasu yara da Yarbanci shekara shida cur, Turanci kuwa darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su zama koma-baya a Turanci ba, suka kuma fi takwarorinsu gane sauran darussa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1973 suka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Nan kusa da mu, a Sakkwato da Bauchi, an yi shirin Mu Karanta, inda yaro ke fara koyon karatu da Hausa kafin a ɗora masa Turanci.

Ba ma sai mun je nesa ba. Ke da kike sauraron tafsiri da azumi, alaramma ya ja baƙi da Larabci, malam ya warware da Hausa. Da a ce Larabcin kawai za a yi ta kwararowa, me za ki ɗauka? Nana Asma'u 'yar Shehu, Allah ya gafarta mata, Larabci ta iya ƙwarai, amma da ta tashi karantar da matan karkara ta hannun jajojinta na 'Yan Taru, da Hausa da Fillanci ta isar musu da saƙo. Ba don ta raina Larabci ba. Ta san kunnen da bai ji ba, zuciya ba ta riƙewa.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne 'ya'ya mata. Mun san halin da muke ciki. Da yawa cikin 'yan matanmu firamare ce iyakar bokonsu, wasu ko ita ba su kammalawa, ga talla, ga aikin gida, ga aure. In 'yan shekarun nan suka ƙare yarinya na maimaita Turancin da ba ta san ma'anarsa ba, kamar aku, sai ta fito hannu rabbana: ba Turanci, ba karatun Hausa. Amma wadda ta iya karanta Hausa sosai, ko ta shiga ɗaki ba ta rasa komi ba. Za ta karanta saƙon waya da kanta ba tare da ta kira yaron maƙwabta ya ji sirrinta ba. Za ta rubuta wa ta ci bashin ƙuli-ƙuli, wa ta zuba adashi. Ta karanta littafin addini, ta duba ranar komawa awo a kati. Wadda kuma Allah ya nufa da ci gaba, ta riga ta san yadda baƙi ke haɗuwa da wasali, Turancin ma zai fi zo mata da sauƙi.

Wata za ta ce, to ni da ba na fita, kuma ban yi boko ba, ina ruwana da abin da aka yanke a Abuja? Yaya, da ruwanki. In yaro ya dawo daga makaranta ya ci abinci, ki ce ya buɗe littafinsa ya karanta miki layi biyu, sannan ki ce, "Faɗa mini da Hausa, me aka ce?" Ba sai kin iya Turanci ba za ki gane. In ya yi tsuru-tsuru, hadda ce kawai yake yi. Kada ki dake shi, galibi ba laifinsa ba ne. Ki sanar da maigida cikin lalama, ya leƙa wajen hedimasta, ko ya kai maganar taron iyaye da malamai. Abin da za a roƙa ba mai wuya ba ne: malami ya riƙa yi wa ƙananan yara bayani da harshen da suke ji, a kula da darasin Hausa kada a mai da shi lokacin share filin makaranta, Turancin kuma a ba wanda ya iya shi ya koyar. A kuma daina cin tarar yaro ko zane shi don ya yi Hausa, wai ya yi banakula. Yaron da aka tsoratar da bakinsa, ko tambaya ba zai ƙara yi a aji ba.

'Yan uwanmu Fulani da ke rugage kewayen Jega da Maiyama, ku ma maganar ta shafe ku, har ta fi. Yaron da ya tashi da Fillanci, wani lokaci Hausar ma a makaranta yake fara jin ta sosai, sai ga Turanci a kai. In akwai malami ko babban ɗalibi mai jin Fillanci a makarantar, a nemi a haɗa shi da ƙananan.

Lokaci ya cim mana. Wadda ke da abin cewa ta ba yaro takarda ya kawo mana, ko da ajami ta rubuta za mu karanta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.