Kayan Wankin Mota Tsakanin Hunturu da Bazara

A ƙasa irin Kanada, sanyi ne fargabar mai wankin mota. Da ma'auni ya sauka ƙasa da sifiri, ruwan da ke cikin sabulu da man sheƙi yakan daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga roba. Ko ya narke daga baya, man ya riga ya tsinke. Shi ya sa masu wanki a can suke shigar da kayansu ɗaki.

Mu a Tungar Daji, da Anka har Gummi da Bukkuyum, sanyinmu bai kai can ba. Iyakarsa sabulu ya yi kauri da asuba, a tsoma robar a ruwan ɗumi ya saki. Ƙura ce masifar: tsumman da ya kwana a waje ya kwashi yashi, a goga shi a jikin fenti, sai ka ga zane-zane. Ga kuma zafin Afrilu mai haura digiri 40, wanda kan iya fasa gwangwanin feshi idan an manta shi cikin mota a rana.

To, malam mai wanki, a danne murfi, tsumma a ƙulle a leda, kaya su wuni a inuwa, ban da shagon kwano da rana ke gasawa.