Bobuwa: Yadda Za A Gane Irinta Ta Hanyar Hoto

Jawabi ga makiyaya a taron ƙarshen damina



Maganar da aka ɗora mini yau ita ce ta bobuwa, ƙudan nan mai zafin cizo da ke hana garke kiwo da rana tsaka, tun daga tsakiyar damina har kaka. Masu kiwo a bakin Tafkin Chadi, da Komadugu, da fadamun Logone sun fi ni saninta. Sai dai bobuwa ba iri ɗaya ba ce. Masana sun ƙidaya iri fiye da 4,000 a duniya. Wani ɗan Ingila, Harold Oldroyd, sai da ya cika littafi 3, daga 1952 zuwa 1957, a kan bobuwar Afirka kudu da Sahara kaɗai.

Me ya dame mu da sanin irinta? Sammore ne dalili. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka inda babu tsando babu sammore. A shekarar 2003 masu bincike na cibiyar CIRDES da ke Bobo-Dioulasso suka bayyana wani gwaji. Sun haɗa shanu masu ciwo da lafiyayyu cikin babban gidan sauro, suka saki wata bobuwa da ake kira Atylotus agrestis, ba tsando ko ɗaya. Cikin kwana 20 fiye da rabin lafiyayyun sun kamu. Ga yadda abin ke faruwa: cizon na da zafi, sai saniya ta kaɗa wutsiya, bobuwa ta tashi da ɗanyen jini a baki ta sauka kan ta kusa. Ta wannan hanya ce kuma ciwon raƙuma da Larabawan Chadi ke kira jufar yake yaɗuwa. Amma wani irin ya fi wani ɓarna, shi ya sa likitan dabbobi ke son sanin wanda ke cikin makiyayarku.

Yau kusan kowane matashi na da wayar salula mai ɗaukar hoto, kuma ana iya aika hoton ga masani ko yana nesa. To, kafin a ɗauka, a fara raba bobuwa da tsando. Tsando in ya sauka yakan ɗora fiffike kan fiffike kamar almakashi a rufe, bakinsa miƙe gaba kamar allura. Ita bobuwa kanta faɗi gare shi, idanu sun kusa cinye shi duka. Gidajenta da aka fi gani 3 ne. Akwai Tabanus, babba, galibi fukafukanta garau, sau da yawa da zane a gadon baya. Akwai Haematopota, ƙarama, ruwan toka, fukafukanta da ɗigo-ɗigo kamar zabo, tana riƙe su kamar jinka. Akwai Chrysops mai baƙin ɗamara a fiffike. A dazuzzukan kudancin Kamaru ita ce ke ɗauko tsutsar nan da ke ratsa idon mutum.

Wanda zai ɗauki hoto kada ya make ƙudan da tafi, don ƙudan da aka murƙushe ba ya ba da shaida. A kife shi da kwalba ko leda lokacin da yake shan jini. Sannan a ɗauki hoto 4 cikin haske mai kyau: daga sama, daga gefe, fuska sosai, da fiffike a shimfiɗe kan farar takarda. A ajiye tsinken ashana kusa da shi don a gane girmansa.

Hoton fuska ya fi sauran muhimmanci. Mace ce kaɗai ke shan jini, namiji ruwan furanni yake sha. Idanun namiji a haɗe suke, na mace kuwa akwai tsaga tsakaninsu, kuma a cikin tsagar akwai wani tabo mai sheƙi wanda siffarsa ke bambanta iri da iri. Sa'an nan launin ido, da layukan kore ko ja da ke cikinsa, sukan dushe bayan ƙudan ya mutu. Saboda haka a fara da ido, tun yana da rai ko da zarar ya mutu.

Kowane hoto ya zo da bayani: wane wuri, wace rana, wane lokaci, a kan wace dabba, kuma a wane sashen jikinta. Hoton da ba shi da wuri da rana kamar saniya ce marar shaida a kasuwa.

Yanzu ga gargaɗi. Hoto mai kyau na iya nuna gidan bobuwa, har da sunan irin da aka saba gani. Amma in kuka ci karo da baƙuwa wadda ko dattawa ba su taɓa gani ba, hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Iri da dama sun yi kama ƙwarai, sai an duba ƙahonnin kai da jijiyoyin fiffike da madubin likita. Tsohuwar bobuwa kuma gashinta kan zube, zanen bayanta ya gushe, har ta yi kama da wani iri dabam. Don haka a adana ƙudan kansa. A sa shi cikin kwalin ashana da 'yar auduga, ya bushe a inuwa inda kiyashi ba zai kai ba, a miƙa wa ma'aikatar kiwo mafi kusa tare da bayaninsa.

'Yan uwa, idan muka ce ƙuda ya kore mu daga fadama, ko sammore na kashe shanu inda babu tsando, abin da hukuma ke tambaya shi ne hujja. Ina roƙon kowane ardo ya zaɓi matashi ɗaya mai natsuwa da zai riƙe wannan aiki a ruggarsa, daga damina mai zuwa.

Allah ya ba mu lafiya da dabbobinmu, ya kai kowa gida lafiya.