Katin Shawara: Allura Ɗaya Ta Isa Har Ƙarshen Rayuwa

Shugaban ƙungiya, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwana fatake na Nima da Maamobi da nan Kokomlemle, Allah Ya maimaita mana wannan rana.

Duk wanda ke ƙetare bodar Aflao ko Seme ko Paga ya san katin nan mai ruwan ɗorawa. Da yawanmu mun ɗauke shi takardar wucewa kawai, har wasu na sayensa a bakin hanya ba tare da an yi musu allurar ba. A kan wannan nake so mu tsaya.

Zazzaɓin shawara ƙwayar bairos ce ke kawo shi, sauro kuma ke yaɗa shi. A ƙasar nan aka kama bakin zaren gane shi. A 1927 likitoci suka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi, suka ware ƙwayar cutar daga ciki. Shi Asibi ya warke. A 1928 cutar ta kashe likitan Japan Hideyo Noguchi a nan Accra yana tsakiyar bincike, shi ne aka sa wa cibiyar bincike ta Legon sunansa a 1979. Daga ƙwayar jinin Asibi ne Max Theiler ya samar da rigakafi a 1937, kuma irinsa ake yi wa duniya har yau.

Da can, katin na ƙarewa bayan shekara 10. Tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, katin kuma yana fara aiki kwana 10 bayan allurar. Saboda haka kada ka bari sai ana jibi tafiya. In kuma an ce maka katinka na gaskiya ya tsufa, ka san haƙƙinka.

Amma har yanzu babu maganin da ke kashe wannan ƙwaya in ta shiga jiki, sai dai asibiti ta tallafi mara lafiya. A ƙarshen 2021 cutar ta ɓarke a Yankin Savannah, ta yi kisa, galibi cikin waɗanda ba su yi rigakafi ba. Katin bogi zai iya wuce da kai gaban jami'i, amma sauro ba ya duba takarda.

Roƙona, kafin taron baɗi kowane mamba da yaran shagonsa da direbobinsa su je asibitin gwamnati su yi allurar gaske. Da lafiya ake neman kuɗi.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwa.